Tankar Yaƙi: Tambayoyi da Amsoshi Kan Na'urar Ɗura Harsashi da Rediyon Sadarwa

Tun da bidiyon yaƙin Rasha da Yukren ya fara yawo a wayoyi a 2022, tambayoyi iri ɗaya ke ta maimaituwa a majalisu da shagunan cajin waya, daga Ringim zuwa Gumel, daga Kazaure zuwa Birnin Kudu. Masu tambayar samari ne masu sha'awar shiga soja, da makanikan tarakta, da maharba, da iyayen da 'ya'yansu ke bakin daga a Borno. Akasari tambayoyin kan igwa ne da wanda ke ɗura mata harsashi. Kaɗan ne kan rediyo, ko da yake a ganina shi ya fi yanke hukunci a fagen yaƙi. An haɗa su duka a nan, daga masu sauƙi zuwa masu zurfi.

Mutum nawa ne a cikin tankar yaƙi, kuma mene ne aikin kowa?

Ko uku ko huɗu. Direba yana zaune a gaba, can ƙasa cikin gangar jikin tankar. Sauran suna cikin kan tanka, wato ɓangaren sama mai juyawa wanda ke ɗauke da igwa. Kwamanda shi ke duba fili, ya zaɓi abin da za a harba, ya yi magana da sauran tankoki. Mai harbi shi ke saiti ya danna. Na huɗun shi ne mai ɗuri, wanda ke zaro harsashi ya cusa a gindin igwa.

Abrams ta Amurka, Leopard 2 ta Jamus, Challenger 2 ta Ingila da Merkava ta Isra'ila duk mutum huɗu ne. T-72, T-80 da T-90 na Rasha, Leclerc ta Faransa, K2 ta Koriya ta Kudu da VT-4 ta Sin mutum uku ne, domin na'ura ta karɓe aikin mai ɗuri.

Malam, yaya na'urar ɗurin take aiki? Ita ma harsashi ɗaya take sawa kamar na bindiga?

Bari mu ɗauki T-72, tunda ita ta fi yawa a duniya kuma sojojinmu na da ita. Harsashin igwarta mai faɗin milimita 125 kashi biyu ne: kan harsashi daban, ƙunshin albarushin da ke tunkuɗa shi daban. Duk wanda ya taɓa ganin maharbi na ɗura bindigar toka ya san wannan tsari, sai dai shi ta baki yake ɗurawa, albarushi kan gaba sannan dalma, ita kuwa igwa ta gindi ake ɗura mata, saboda haka kan harsashi ke fara shiga, albarushi ya bi bayansa.

A ƙarƙashin ƙafafun kwamanda da mai harbi akwai wani faifai na ƙarfe mai juyawa, mai gurbi 22. Kowane gurbi na ɗauke da kan harsashi a kwance, da ƙunshin albarushinsa a kwance a bisansa. Lokacin da ake loda faifan, ana shaida wa na'urar irin harsashin da aka sa a kowane gurbi, ko mai huda sulke, ko mai tarwatsewa, ko mai ɓula ƙarfe da ƙarfin fashewa. In mai harbi ya danna irin da yake so, faifan zai juya har gurbin ya zo daidai bayan igwa. Ita igwar sai ta ɗaga kanta zuwa wani tsayi da aka ƙayyade ta tsaya cak. Wani hannun ƙarfe ya ɗago gurbin, sarƙar turi ta cusa kan harsashi, ta koma, ta cusa albarushi, gindin igwa ya rufe, igwar ta koma inda mai harbi ya yi saiti.

Kwanson albarushin ƙonewa yake yi tare da harbin, ba abin da ke saura sai ɗan gindinsa na ƙarfe. Shi ne abin nan da za ku ga ya faɗo ta wata 'yar ƙofa a bayan kan T-72 jim kaɗan bayan ta yi harbi. T-64 da T-80 ba sa jefar da nasu waje, mayar da shi gurbin suke yi. Faifansu ma daban ne: gurbi 28, albarushi a tsaye, kuma da ƙarfin matsin mai yake aiki, yayin da na T-72 da lantarki ne.

Wa ya fara ƙera ta?

Faransawa sun riga kowa sa ta a tankar da aka ƙera da yawa. AMX-13, ƙaramar tanka ta farkon shekarun 1950, tana da ganguna biyu masu juyawa a ƙeyarta, kowace da harsashi 6. Matsalarta, in 12 ɗin nan suka ƙare sai an ja baya an fito waje an sake lodi. Suwidin ma ta yi Strv 103 a shekarun 1960, tanka maras kai mai juyawa, wadda sai an juya dukkan jikinta ake saiti.

Amma wadda ta sauya al'amari ita ce T-64, wadda ofishin Alexander Morozov ya tsara a birnin Kharkiv cikin shekarun 1960. Kharkiv ɗin nan ita ce ta Yukren da kuke ji a labarai, lokacin tana ƙarƙashin Tarayyar Sobiyat. T-72 kuma daga masana'antar birnin Nizhny Tagil na Rasha ta fito, ta shiga aiki a 1973.

Me ya sa Rasha ta rungumi na'urar, Amurka da Jamus da Ingila suka ƙi? Ba su iya ba ne?

Sun iya. Lissafi ne ya bambanta. Mai ɗuri a tsaye yake aiki, yana bukatar wurin miƙewa da juyawa da ɗaukar kaya mai nauyi. Kowane taƙi na wurin da ka ba shi sai ka lulluɓe shi da sulke, sulke kuwa nauyi ne. Sobiyat ta cire shi, sai kan tanka ya ƙanƙance, tankar ta yi ƙasa-ƙasa ta yi wuyar hange. T-64A na ɗauke da igwa mai milimita 125 amma nauyinta tan 38 ne kacal, T-72 ta ɗan haura tan 40, Abrams ta yau kuwa ta wuce tan 60. Tanka mai sauƙin nauyi ta fi sauƙin hawa jirgin ƙasa da tsallake gada, ta fi araha, kuma sojan da zai cika tanka uku a can zai cika huɗu a nan. Ga ƙasar da ke shirin yaƙi da dubban tankoki, wannan ba ƙaramar riba ba ce.

Su kuma na Yamma suka ce mai ɗuri ba ɗuri kaɗai yake yi ba. Shi ne ƙarin ido a sama, shi ke riƙe da ƙaramar bindiga mai sarrafa kanta, shi ke maye gurbin wanda aka raunata. Fiye da haka, yawancin rayuwar ɗan tanka ba harbi ba ce, wahala ce: ɗaure sarƙar ƙafa, sauya wadda ta tsinke, shan mai, lodin harsasai, goge bututun igwa, gadin dare. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma aikin da mutum huɗu ke yi su gaji, in ka bar wa uku, barcinsu ne zai biya kuɗin. Makanikan da suka taɓa mayar da sarƙar katafila a cikin taɓo su suka fi saurin gane wannan hujja.

Hujja ta uku ta shafi inda ake ajiye albarushi. Tana cikin amsar tashin kan tanka a ƙasa.

To wa ya fi sauri, mutum ko na'ura?

A harbin farko-farko, ƙaƙƙarfan saurayi da ya sha horo yana iya riga na'urar T-72. A Abrams ana son mai ɗuri kada ya wuce daƙiƙa 7, gwanaye kuma suna yi ƙasa da haka. Na'urar T-72 kan ci daƙiƙa 7 zuwa 8 in harsashin da ake so yana kusa, ta fi haka in sai faifai ya yi doguwar juyawa, wato kamar harbi 8 a minti. Ta Leclerc ta kai harbi 12 a minti.

Sai dai harsashin Abrams ya kai kilo 20 ko fiye, kuma mutum na gajiya, musamman in tanka na gudu a kan kunyoyi da kwazazzabai tana jijjiga shi. Na'ura ba ruwanta da wannan. Ni dai ina ganin gardamar sauri an fi yin ta a majalisa fiye da a fagen daga. A yawancin arangamar tanka da tanka, wanda ya fara hango ɗan'uwansa ya fara harbi shi ke tsira, ba wanda ya fi yawan harbi a minti ba.

Me ke sa kan tanka ya tashi sama kamar an cilla shi, kamar yadda muke gani a bidiyo?

Albarushin cikinta ne, ba makamin da ya same ta ba. In wani abu ya huda sulke, tartsatsi da gutsattsarin ƙarfe mai zafi suka taɓa ƙunshin albarushi ɗaya, wuta na kama na kusa da shi, nan take duka su tashi. Tanka rufaffiya ce, matsin ba shi da mafita sai ta inda ya fi rauni, wato zoben da kai ke zaune a kansa. Sai kai mai nauyin tan goma da wani abu ya yi sama. Mutanen ciki kuwa a kan faifan suke zaune. An ga haka a tankokin Iraƙi a 1991, an gani a Grozny, babban birnin Chechnya, a farkon 1995, an gani a Siriya, ana kuma gani a Yukren.

Akwai abin da masu yaɗa bidiyon ba sa faɗa. T-72 na ɗaukar harsashi kusan 40 ko fiye, faifai kuwa 22 kawai yake ci. Ragowar ana cusa su ne duk inda aka samu wuri: jikin bango, bayan kujeru, kusa da tankin mai. Faifan yana can ƙasa, inda ya fi wuyar samu, amma waɗannan na warwatse suna sama a fili, kuma sau da yawa su ke fara kamawa. Shi ya sa gogaggun ma'aikatan tanka kan shiga faɗa da abin da ke cikin faifai kaɗai, su bar sauran a baya.

A Abrams, yawancin harsasai na cikin wani ɗaki a ƙeyar kan tanka, bayan wata ƙofar sulke mai zamewa. Mai ɗuri na buɗe ta da gwiwa, ya zaro ɗaya, ta rufe kanta. Rufin ɗakin an yi shi da murafe masu rauni da gangan, domin in wuta ta kama, su ɓalle ta yi sama, mutane su fita da ransu. Leopard 2 tana da irin wannan ɗaki mai harsashi 15, amma sauran 27 suna gangar jiki kusa da direba, kuma can ɗin ba su da wannan kariya.

Ashe ke nan duk tanka mai na'urar ɗuri kabari ce?

A'a. Laifin ba na na'urar ba ne, na inda aka zaunar da albarushi ne. Leclerc, da Type 90 da Type 10 na Japan, da K2 ta Koriya, duk suna da na'urar ɗuri amma a ƙeya take, a ware daga mutane, da murafen sama irin waɗanda aka bayyana a amsar da ta gabata. Ta Leclerc na ɗaukar 22, ta K2 na ɗaukar 16. Wannan tsari yana da wata fa'ida kuma: harsashi mai huda sulke doguwar sanda ce siririya ta ƙarfe mai nauyi, kuma gwargwadon tsawonta gwargwadon hudarta. Faifan ƙasa yana da iyakar tsawon da zai iya ɗauka, ɗakin ƙeya kuwa ya fi yalwa.

Rasha da kanta ta nemi gyara. T-14 Armata da aka nuna a faretin Mosko na 2015 ta kwashe mutane gaba ɗaya daga kan tanka ta zaunar da su ukun a wani keɓaɓɓen ɗaki a gaba.

In na'urar ta lalace ana tsakiyar faɗa fa? Ƙurar hunturu ba ta kashe ta?

Akwai hannuwan juyawa na ko-ta-kwana, kwamanda da mai harbi na iya ɗurawa da kansu. Amma wurin a matse yake, kan harsashi mai tarwatsewa shi kaɗai kilo 23 ne, ga albarushinsa kusan kilo 10, sai harbi ya koma ɗaya ko biyu a minti, kuma muddin kwamanda na fama da ɗuri ba ya duba fili, ba ya amsa rediyo.

Ita kanta na'urar T-72 ba ta da saurin lalacewa, an san ta da juriya. Abin da ke kayar da ita shi ne abin da ke kayar da kowane inji a ƙasarmu: ƙura ta haɗu da giris ta daskare, batir ya yi sanyi, ƙaramin makunni ya mutu babu na sauyawa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Tankar da aka sayo ba tare da kayan gyara da ƙwararrun makanikai ba, in ta yi shekara biyu sai ta zama abin ado a ƙofar bariki.

Waɗanne ne sojojin Najeriya ke da su?

Iri biyun duka, masu na'urar ɗuri da marasa ita. Tsofaffin T-55 na Sobiyat masu igwa milimita 100, da Vickers Mk 3 da aka sayo daga Ingila tun shekarun 1980 masu milimita 105, mutum huɗu ne da mai ɗuri. T-72 sun shigo a 2014 zuwa 2015 lokacin da yaƙin Boko Haram ya yi tsanani, kuma an yi aiki da su a Borno. VT-4 na kamfanin Norinco na ƙasar Sin sun sauka Legas a watan Afrilu na 2020, su ma milimita 125 ne da faifai a ƙasa. Makarantar horar da sojojin sulke tana Bauci, saboda haka saurayin da ya fito daga Depot na Zariya ko NDA ta Kaduna aka tura shi wannan sashe, can zai koyi aikin.

Da wannan ƙarar inji, yaya mutanen ciki ke jin juna?

Da baki kawai ba za su ji ba. Kowa na sanye da hula mai abin sauraro a kunne, an jona ta da waya zuwa wani akwati a jikin bango. Hular Rasha ta ƙyalle ce mai laushi da ɗamarar soso, kuma abin maganarta ba a gaban baki yake ba, a maƙogwaro ake ɗaura shi, yana ɗaukar rawar murya daga fata, ƙarar inji ba ta shiga. A jikin wayar akwai ɗan makunni: gefe ɗaya maganar cikin gida, ɗaya gefen rediyo zuwa waje.

Masu gyaran lantarki kan tambaya yadda waya ke tashi daga direba zuwa kan da ke juyawa ba iyaka ba tare da ta murɗe ta tsinke ba. A tsakiyar ƙasan kan tanka akwai zobba na ƙarfe da burushi ke gogar su, ta nan wuta da magana ke ratsawa.

Gaskiya ne rediyo ya taɓa cin yaƙi? Ai igwa ke kisa.

Da Ingila ta fara fito da tanka a yaƙin Somme na ƙasar Faransa ranar 15 ga Satumba 1916, mutum 8 ne a ciki kuma ba rediyo. Da tutoci ake magana, da alamar hannu, saƙo zuwa baya kuwa tantabara ake saki ta wata 'yar kafa. A ƙaramar Renault FT ta Faransa, kwamanda da ƙafa yake taɓa direba a kafaɗa ya nuna masa inda zai juya.

Heinz Guderian na Jamus ya yi aikin sadarwa a yaƙin duniya na farko kafin ya koma kan tankoki, kuma ya nace sai kowace tanka ta sami rediyo, ko da na saurare ne kawai. A watan Mayu na 1940, lokacin da Jamus ta afka wa Faransa, Faransa na da tankoki masu yawa, wasunsu kamar Char B1 da Somua sun fi na Jamus kaurin sulke. Amma da yawa daga ƙananan tankokinta ba rediyo, kuma kwamanda shi kaɗai ne a kan tanka, shi ke hange, shi ke ɗuri, shi ke harbi. Jamusawa na sauya shiri ana cikin faɗa, su kewaye ta gefe, su kira jirage, Faransawa na jiran umarnin da aka bayar tun safe. Cikin mako shida aka gama. Ba rediyo kaɗai ya jawo haka ba, amma yana cikin manyan dalilai. A 1941 ma haka T-34 ta Sobiyat ta sha wuya duk da ingancinta: galibi tankar shugaba ce kawai ke da rediyo, sauran na bin tuta, kuma Jamusawa sun gane cewa in suka kashe mai eriya, sauran sun rasa makama. Sai daga 1943 rediyo ya wadata a tankokin Sobiyat.

In kunne ya ji, jiki ya tsira. Kwamandan tanka ta 'yan tagogi yake kallon duniya, abin da bai gani ba sai dai a gaya masa.

Wane irin rediyo ne, kuma nisan zango nawa yake kaiwa?

FM ne, dangin wanda kuke saurare. Tashoshin gari suna tsakanin mita 88 da 108, kamar Freedom a 99.5, rediyon tanka na zamani kuwa yana ƙasa da su kaɗan, daga 30 zuwa dab da 88. Amurkawa ne suka fara sa FM a tankoki a yaƙin duniya na biyu, bisa ƙirƙirar Edwin Armstrong, saboda tartsatsin inji da ke cika AM da ƙara ba ya damun FM sosai. R-123 da ke cikin tsofaffin T-55 da T-72 yana aiki daga 20 zuwa 51.5, ƙarfinsa wat 20, yana kai kimanin kilomita 20 da eriya mai tsawon mita 4. R-173 ya gaje shi. Na Amurka shi ne SINCGARS.

Irin wannan zango a miƙe yake tafiya. A shimfiɗaɗɗiyar ƙasa kamar ta Haɗeja ko Gumel zai kai iyakarsa, amma a tsakanin duwatsu irin na Dutse, ko tsaunukan Gwoza, tanka biyu na iya zama kusa da juna ba sa jin juna. Maganin shi ne a ɗora mota mai maimaita saƙo a kan tudu. Magana mai nisan ɗaruruwan kilomita kuwa da gajeren zango ake yin ta, wanda ke dukan sararin sama ya dawo, yadda BBC Hausa ke iso mana daga nesa, ko kuma ta tauraron ɗan'adam.

Da aka katse layukan waya a Borno, da me sojoji suka riƙa magana?

Da nasu rediyon. A watan Mayu na 2013 an rufe layukan salula a Borno, Yobe da Adamawa, an kuma yi haka a Zamfara a Satumban 2021. Wayar salula sai da turken kamfani take aiki. Rediyon soja kuwa kai tsaye yake tafiya daga eriya zuwa eriya, ba ya bi ta turken kowa.

Ina da oba-oba irin ta 'yan sintiri. Zan iya kamo maganar tankoki?

Da wuya, domin ƙananan oba-oba na kasuwa ba a wannan zangon suke aiki ba. Ko da kana da wanda ya kai, rediyon zamani yana da kariya biyu. Ta farko tsalle: SINCGARS na da tashoshi 2,320, yana sauya tasha fiye da sau 100 a daƙiƙa ɗaya bisa wani jeri da sai rediyon da aka loda wa jerin, agogonsu kuma ya zo ɗaya, zai iya bi. Ta biyu kulle magana: ana mayar da murya lambobi a hautsina su da mabuɗin sirri, wanda ba shi da mabuɗin shuuu kawai zai ji.

Tsofaffi irin R-123 ba su da ko ɗaya, shi ya sa ake magana da laƙabi da kalmomin ɓoye. A farkon yaƙin 2022 an kama maganganun wasu rundunonin Rasha da yawa saboda suna amfani da rediyo maras kulle, har da oba-oba ta kasuwa ƙirar Baofeng. Shawara ga 'yan sintiri: ku tsaya a tashar da aka ba ku. Hukumar NCC ke raba zangon 'yan kasuwa, na jami'an tsaro kuma ba wurin wasa ba ne.

Ɗana yana cikin masu tanka a Arewa maso Gabas. Sai ya yi makonni wayarsa a kashe. Lafiya kuwa?

Inna, Allah ya ƙara haƙuri, Allah ya dawo da shi lafiya. Sau da yawa kashe wayar umarni ne, kuma don tsaronsa ne. Duk abin da ke aika saƙo ta iska ana iya gano inda yake: na'urori biyu ko uku a wurare daban-daban su auna ta inda saƙon ya fito, inda layukan suka haɗu nan mai maganar yake. Shi ya sa ko rediyon tanka ana taƙaita magana a kansa, wani lokaci a hana gaba ɗaya har sai an fara faɗa. Wayar salula ta fi muni, domin ko ba a kira tana ta neman turke, hoto kuma na iya nuna wurin da aka ɗauke shi. A daren shiga 2023 an kai hari kan wani masaukin sojojin Rasha a garin Makiivka na gabashin Yukren, ma'aikatar tsaronsu ta ce mutum 89 suka mutu, ta kuma ɗora laifin a kan amfani da wayoyi. Ga kuma wurare da yawa da babu sabis sam. In ya kira, kada a matsa masa da tambayar inda yake, kada kuma ƙannensa su sa hotunansa na bakin aiki a Facebook.

Sojan ƙasa da ke tafe a gefen tanka, yaya zai yi magana da na ciki?

Tsohuwar matsala ce. A yankin Normandy na Faransa a 1944 rediyon sojan ƙasa na Amurka da na tanka ba sa jin juna, sai sojoji suka riƙa ɗaura wayar tarho a cikin akwatin harsashi a bayan tankarsu ta Sherman, suna jona ta da maganar cikin gida. Dabarar ta zauna. Abrams ta fito babu ita, amma faɗan cikin gari a Iraƙi ya sa aka mayar. A daji mai duhuwa kamar Sambisa, inda mai ƙafa ke ganin abin da na ciki ba ya gani, wannan 'yar wayar na iya fin wani babban makami amfani.

Yaya suke bambance tankarsu da ta abokan gaba?

Da wahala, musamman da dare ko cikin ƙura, inda tanka ke bayyana a madubin zafi kamar farin dunƙule kawai. A yaƙin Tekun Fasha na 1991, cikin sojojin Amurka 148 da suka mutu a faɗa, 35 'yan'uwansu ne suka harbe su bisa kuskure. Bayan haka aka ƙera tsarin da kowace mota ke aika matsayinta na GPS ta rediyo ko tauraro, ya fito a taswirar allon kwamanda, nasu shuɗi, na abokan gaba ja. An yi aiki da shi a Iraƙi a 2003. A Yukren kuwa, inda ɓangarorin biyu ke tuƙa T-72 da T-80 iri ɗaya, an koma fenti da tef mai launi, wanda ya haɗa da harafin Z da kuka gani.

Mene ne waɗannan keji da tarin eriyoyi da ake ɗora wa tankoki yanzu?

Saboda ƙananan jirage marasa matuƙa ne. Sulken tanka a gaba yake da kauri, rufinta siriri ne, kuma a T-72 abin da ya huda rufi ya doshi albarushin da aka yi bayani a amsar tashin kan tanka. Kejin don jirgin ya fashe kafin ya taɓa jiki ne. Eriyoyin kuma na na'urar toshe sadarwa ne, wadda ke cika iska da hayaniya a zangon da mai sarrafa jirgin ke amfani da shi.

Tana da illa biyu. In ba a tsara zangon da kyau ba tana iya toshe rediyon tankar da jiragen ɓangarenta, sannan hayaniyar da take yi na tona inda take, kamar yadda aka bayyana a amsar kashe waya. Daga 2024 kuma aka fara amfani da jirage masu jan siririn zaren gilashi a bayansu na tsawon kilomitoci, umarni na bi ta cikin zaren, ba ta iska ba. Waɗannan na'urar toshewa ba ta yi musu komai.

In abokan gaba suka kama tanka da rediyonta, ba za su riƙa jin komai ba?

An yi tanadin wannan. Sirrin ba a jikin akwatin rediyon yake ba, yana cikin mabuɗin da jerin tsallen da aka loda masa, kuma rediyon zamani na da makunnin da ke goge su nan take. Yana cikin abubuwan da ake koya wa ma'aikata su yi kafin su bar tankar da ta mutu, in hali ya yi. In ba a samu yi ba, sai sashen sadarwa ya sauya mabuɗin dukkan rundunar, wanda aka kama ya zama kurma. Ko ba a kama komai ba, ana sauya mabuɗai da laƙabobi lokaci-lokaci.

Tsohon rediyo maras kulle shi ne matsala, domin duk wanda ya same shi ya sami tashar. Nan ba abin yi sai a koma tashar ko-ta-kwana da aka riga aka amince da ita, a sauya laƙabobi, a kuma riƙa tambayar duk muryar da ba a sani ba kalmar shaida ta ranar kafin a bi umarninta.